Yadda Ake Kai Tsohuwar Mota Daga Ingila Zuwa Taron Tunawa da D-Day a Normandi

Duk shekara da watan Yuni ya kama, ƙauyukan gaɓar tekun Normandi a arewacin Faransa sukan cika maƙil da tsofaffin motoci. Ga jif-jif na soja ƙirar Willys, ga manyan motocin GMC, ga babura, ga kuma ƙananan motocin gida irin tawa. Abin da ke tara su shi ne tunawa da D-Day na Yaƙin Duniya na Biyu, wato ranar 6 ga Yuni, 1944, ranar da sojojin ƙawance kimanin 156,000 suka tsallako daga Ingila suka sauka a gaɓar da Jamus ta mamaye. Na yi wannan tafiya sau bakwai da Morris Minor ƙirar 1967. A zuwan farko na sha wuya, don na ɗauka motar da ke kai ni masallacin Juma'a lafiya lau za ta iya kwana biyar tana aiki a ƙasar wasu. Tun daga nan na gane a gareji ake cin rabin tafiyar nan, watanni kafin a tashi. Da Morris zan yi misali, amma bayanin zai yi wa duk mai motar da ta haura shekara 40 amfani. Sunayen garuruwa na bar su yadda za ka gan su a allunan hanya.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Takardu:
- Fasfo. Idan na Birtaniya ne, kada ya kai shekara 10 da bayarwa a ranar shiga, kuma ya rage masa aƙalla wata 3 bayan ranar fitowarka.
- Bizar Shengen ga mai fasfon Najeriya, Nijar ko Gana. Takardar zama a Birtaniya ba ta shigar da mutum Faransa.
- Lasisin tuƙi, takardar mallakar mota ta V5C ta asali, da takardar inshora.
- Inshorar ɗauko mota idan ta lalace a Turai, da ta lafiyarka, da katin GHIC (katin Birtaniya na neman magani a asibitocin Turai) idan kana da shi.

Abin da doka ke nema a jikin mota:
- Sitika mai rubutun UK a baya. Tun watan Satumba na 2021 aka daina karɓar GB, don haka idan motarka na da tsohuwar alamar GB ta ƙarfe, rufe ta.
- Alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da riga mai ƙyalli. Ina ɗaukar wa kowa tasa, kuma cikin mota ake ajiyewa, ba a but ba.
- Ledar da ake manna wa fitilun gaba don kada haskensu ya kashe wa masu tahowa ido.

Kayan gyara:
- Sifanu da suka dace da motarka. Notunan Morris na inci ne, sifanar milimita sai dai ta cinye musu kai.
- Sukundireba iri biyu, filaya, ƙaramar guduma, sifanar fulogi, ma'aunin tazarar kwantak, fitilar goshi.
- Jak mai kyau da katakon da za ka ɗora shi a kai, sifanar taya, famfon iska, da safaya mai iska.
- Kwantak, kwandensa, rota, murfin dilko, kwayil, fulogi huɗu, fambel, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, tiyon mai kamar mita ɗaya, kilif-kilif, fiyus, ƙwan fitila, waya da salatif.
- Famfon mai na safaya. Zan faɗi dalili a gaba.
- Baƙin mai 20W-50 lita 5, man birki, giris, ruwa lita 5, igiyar ja, da abin kashe gobara.

Na jiki: rigar ruwa, takalmin da taɓo ba zai dame shi ba, darduma, taswirar takarda, da batirin cajin waya, tunda yawancin motocin nan ba su da wurin caji.

MATAKI NA 1: KAMA MASAUKI DA JIRGI TUN DA WURI

Kafin ka taɓa sifana, nemi wurin kwana. Ɗakunan Bayeux, Arromanches da Sainte-Mère-Église na makon 6 ga Yuni sukan ƙare tun kaka, a shekaru masu cikon lissafi irin 2019 da 2024 (cikar shekara 75 da 80) kuwa tun shekara guda kafin. Ni a watan Oktoba nake kamawa. Na fi son gidajen gona da ke kewayen Bayeux, don garin na tsakiyar gaɓar da ta kai kusan kilomita 80 daga Sword a gabas zuwa Utah a yamma (sunayen da sojoji suka laƙaba wa wuraren da suka sauka), ko gabas ka nufa ko yamma ba za ka gajiyar da mota ba. Tambayi mai gida tun a saƙon farko ko akwai wurin ajiye mota a cikin shinge. Idan ɗakuna sun ƙare, akwai sansanonin tanti da yawa, ko ka koma cikin ƙasa wajen Saint-Lô, ka riƙa sammako.

Jirgin fito da ya fi dacewa shi ne na Brittany Ferries daga Portsmouth zuwa Ouistreham, tashar Caen. Sa'a 6 ne da rana, na dare ya ɗan fi haka, kuma yana sauke ka a bakin gaɓar Sword kanta. Akwai na Poole zuwa Cherbourg ga wanda ya fi son ɓangaren Utah, da na Newhaven zuwa Dieppe mai sa'a 4. Sababbin zuwa sukan ruɗu da arahar Dover zuwa Calais, su manta daga Calais sai an ci fiye da kilomita 300 kafin a iso Caen. Motar zamani ba ta san an yi ba, tsohuwa kuwa yini guda ne cur, kuɗin da ka rage a tikiti ya tafi a mai da kuɗin hanya. Idan jirgin dare za ka hau, biya kuɗin ɗaki. Wanda ya kwana a kujera bai kamata ya fara tuƙin hannun dama da asuba ba.

MATAKI NA 2: BIZA DA INSHORA

Mai neman biza ya nemi ranar ganawa tun watan Maris, don bazara na matsowa layi ke tsawo. Zai buƙaci shaidar masauki da tikitin jirgi, shi ya sa wannan ya biyo bayan na farko.

Inshorar lalacewa kuwa karanta ta da kyau. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar motar da ta wuce wasu shekaru, wasu kuma ba za su dawo maka da ita gida ba idan kuɗin dakonta ya fi darajarta a takarda. Kira su, ka faɗi shekarar motar, ka sa su rubuto maka amsar. Inshorar tsofaffin motoci takan haɗa da Turai, amma duba adadin kwanakin.

MATAKI NA 3: GYARA, WATA BIYU KAFIN TASHI

A Birtaniya an ɗauke wa motar da ta haura shekara 40 gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT, muddin ba a canja mata halitta ba. Duk da haka ina kai tawa kowace shekara. Idon wani yana ganin abin da naka ya saba da shi.

Fara da birki. Cire gangunan huɗu ka duba ko man birki na tsatsa ta bayan robar silinda, ka duba kaurin takalmin birki, ka matsa tiyoyin roba ka ga ko sun tsage. Man birkin da ya wuce shekara biyu a canja shi, don yana shan ruwa, idan ya yi zafi sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse.

Sai taya. Kada zanen taya ya yaudare ka. Motar da ba ta yawan fita tayarta ba ta cinyewa, tsufa take yi. A gefen kowace akwai lamba huɗu: 2314 na nufin mako na 23 na shekarar 2014. Wadda ta kai shekara 10 na yar da ita, komai kyanta, har da safaya.

Sai sanyaya inji, wanda shi ne zai sha jarrabawa a cunkoso. Zubar da ruwan lagireto, ka wanke shi da tiyo ta baya har ruwan ya fito garau. Matsa kowane tiyo da hannu, wanda ya yi laushi kamar burodi ko ya ƙandare a canja. Girgiza fanka ka ji ko famfon ruwa na wasa. Idan motarka ba ta da agogon zafi, sa mata.

Sai wuta. A dilkon Lucas irin na Morris, tazarar kwantak inci 0.015 ce, ta fulogi 0.025. A nan akwai kuskuren da na ga ya tsayar da mutane da yawa: a sa sabon kwandensa ana gobe tafiya. Sababbin da ake sayarwa yanzu ba duka ke da nagarta ba, wani yakan mutu cikin kilomita 50. Duk abin da za ka canja, canja shi da wuri ka yi tafiya da shi, tsohon da ka cire kuma yana aiki ka naɗe shi a tsumma ya zama safaya. Kayan da ka riga ka gwada a motarka ya fi na cikin kwali aminci.

Sai mai. Fetur na yanzu akwai sinadarin itanol a ciki, yana cin tsohuwar roba. Canja duk tiyon mai zuwa irin da ke jure shi. Buɗe kwanon kafireta ka duba datti. Ƙarshe ka bi duk wuraren giris, musamman na ƙafar gaba. Masu Morris sun san idan wurin ya bushe ƙafar kan iya ficewa, yawanci a kwana.

Idan yara za su shiga, sa bel a kujerar baya. Wannan ba na sassauci a kansa.

MATAKI NA 4: GWAJI

Mako uku kafin tashi, loda mata kaya kamar na ranar tafiya, ka yi kilomita 150 a yini ɗaya. Haɗa da babbar hanya, da hawa, da cunkoson cikin gari da gangan. Da ka dawo, bar ta tana aiki a tsaye minti 20 kana kallon agogon zafi. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe ka karanta abin da ta rubuta maka: baƙin ɗigo ɗaya ko biyu halin tsufa ne, ruwa ko man birki ko warin fetur kuwa komawa gareji ne. Auna yawan baƙin man da ta sha, don ka san nawa za ka ɗauka.

A wannan fitar ka gwada canja taya da jak ɗin da za ka tafi da shi, ka kuma koyi canja kwantak da fambel da hannunka idan ba ka iya ba. Wanda bai iya ba kuma ba shi da lokacin koyo, ya bi ayarin ƙungiyar masu irin motarsa. Kusan kowace ƙira na da ƙungiya a Ingila, kuma ba a rasa bakanike a cikinsu.

MATAKI NA 5: LODI

Masu nauyi a ƙasa, kusa da tsakiyar mota. Kayan gyara a sama inda hannu zai kai ba sai an zazzage akwatuna a bakin titi ba. Jarkar mai ka tafi da ita babu komai ciki, ka cika a can, don jiragen fito na da ƙa'ida kan man da ake ɗauka.

Gargaɗi ga 'yan'uwa: tun ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai an hana shiga da nama da madara da dangoginsu. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk a bar su gida. Dabino, gyaɗa, garin kunu da yaji ba su taɓa ba ni matsala ba.

Yanki 'yar takarda ka manna kusa da agogon gudu, tunda naka da mil yake lissafi: 30 daidai da 19, 50 da 31, 80 da 50, 110 da 68.

MATAKI NA 6: ZUWA TASHA DA SHIGA JIRGI

Daga Landan zuwa Portsmouth ta hanyar A3 kusan kilomita 120 ne. Duk lokacin da waya ta ce maka, ƙara rabinsa, sannan ka ƙara sa'a guda ta ko-ta-kwana. Ina isa tasha sa'a biyu kafin tashi, na manna ledar fitila a layi, na duba mai da ruwa. A layin nan kashe inji duk sanda aka tsaya, kada ta yi zafi tun ba a je ko'ina ba.

Wajen hawa gadar jirgi, bar wanda ke gabanka ya gama hawa sannan ka taso da giya ɗaya ba tsayawa, don kada ka ƙona kuloci a tsakiyar hawa. Idan motarka gajera ce, faɗa wa ma'aikata, sukan nuna maka ka hau a karkace don kada salansa ta daki ƙarfe. Da ka tsaya, ja birkin hannu, bar ta a giya, kashe komai. Ɗauki fasfo, magani da darduma, don ba a barin kowa ya koma wurin motoci sai an iso. Ka matsar da agogonka gaba da sa'a ɗaya.

MATAKI NA 7: SA'AR FARKO A FARANSA

Hannun dama ake bi. Mu da muka koyi tuƙi a gida mun san shi, amma shekarun Ingila sukan goge sabo, ga kuma sitiyari a dama, wato kai ne a gefen kwalbati. Ba a fitowa daga jirgi ake kuskure ba, don a nan kana bin na gaba. An fi yin sa da safe ta biyu, ko wajen fitowa daga gidan mai a hanyar da ba kowa. Ya taɓa faruwa da ni a wata 'yar hanya kusa da Creully, na fito na kama hagu hankali kwance, sai ɗana ya daka min tsawa: "Baba, dama! Dama!" Allah ya tsare, taraktar da ke tahowa tana nesa. Tun ranar na ɗaura jan ƙyalle a sitiyari, kuma duk wanda ke kujerar gefe aikinsa ne ya ce "dama" duk lokacin da za mu tashi. Shi ne kuma idonka idan za ka wuce wata mota, ko da yake da Morris ba kasafai ake wuce kowa ba.

A shataletale ka duba hagu. Allon sunan gari shi ne alamar ka sauka zuwa 50, ko ba a rubuta ba. Hanyoyin karkara 80 ne sai inda allo ya nuna 90. Abin da ya fi kama baƙo shi ne dokar ba na dama hanya: a cikin ƙauyuka, inda babu layi ko allo, wanda ya fito daga 'yar hanya ta damanka shi ke da hanya, kuma zai shigo bai duba ba. Allo mai kusurwa uku da baƙin gicciye a ciki gargaɗin haka ne. Allo mai ruwan ɗorawa mai siffar daimon na nufin hanyar taka ce. Da birkin ganga, sai ka fara rage gudu tun daga nesa.

Manyan hanyoyin kuɗi ba na tsohuwar mota ba ne. N13 da ta haɗa Caen, Bayeux da Carentan kyauta ce, D514 kuma ita ke bin gaɓar teku ƙauye bayan ƙauye. Idan ka hau A13, ka sani tun ƙarshen 2024 babu shingen biya, kyamara ke ɗaukar lamba, kai za ka biya ta intanet cikin sa'a 72. Motar da aka yi wa rajista kafin 1997 ba ta samun sitikar tsaftar hayaƙi ta Crit'Air, wasu birane irin Rouen kuma sun kafa yankin hana motoci masu hayaƙi, don haka duba dokar duk babban garin da za ka ratsa a makon tafiya, ko ka kewaye shi.

MATAKI NA 8: SHAN MAI

Fetur mai suna SP98 za ka nema. Kauce wa SP95-E10, kada ka kusanci E85, itanol ya yi musu yawa. Gazole shi ne gas, wato dizal, karanta sunan da kyau kada ka bi launin hannun famfo. Gidajen mai na manyan kantuna sun fi araha, amma da dare da ranar Lahadi kati kawai injin ke karɓa, kuma yakan riƙe kuɗi masu yawa a asusunka na ɗan lokaci kafin ya saki. Tafi da kati biyu. Tankin Morris bai kai lita 30 ba, don haka da ya sauka rabi nake cikawa. Idan injinka na buƙatar maganin da ke maye gurbin dalma, taho da shi daga gida.

MATAKI NA 9: TSARA KWANAKIN

Kada ka wuce kilomita 100 a yini, kada ka sa wa kanka fiye da wuri uku. Ga yadda nake yi.

Ranar isowa, gadar Pegasus a Bénouville, 'yan mintuna daga tasha. A nan jiragen katako marasa inji suka sauke sojojin Birtaniya na Manjo John Howard jim kaɗan bayan sha biyun dare, suka ƙwace gadar. Ta asalin tana gidan tarihi a tsallaken ruwa, an sauya ta a 1994. Daren 5 ga wata jama'a kan taru a wurin har tsakar dare. Daga nan ka bi D514 zuwa Courseulles-sur-Mer inda 'yan Kanada suka sauka, ka wuce Ver-sur-Mer, inda aka buɗe wurin tunawa na Birtaniya a 2021, da sunaye sama da 22,400 a jikin ginshiƙan dutse.

Rana ta biyu Arromanches. Duba jadawalin ruwa ka je lokacin da teku ta janye, za ka taka har gindin ragowar tashar jiragen da aka ƙera a Ingila aka jawo ta gunduwa-gunduwa. Sai Longues-sur-Mer, inda igwogin Jamus ke nan cikin ɗakunansu na kankare, sai maƙabartar Bayeux mai kaburburan sojojin Kwamanwel sama da 4,000.

Rana ta uku yamma: maƙabartar Amurka a Colleville-sur-Mer a saman gaɓar Omaha, mai kabari sama da 9,300, da Pointe du Hoc da ramukan bama-bamanta. Mutane da yawa kan wuce La Cambe, inda Jamusawa sama da 21,000 ke kwance. Ni ina tsayawa. Ka karanta shekarun haihuwa a duwatsun, da yawansu ba su kai 20 ba.

Rana ta huɗu Sainte-Mère-Église, cibiyar masu jif. A hasumiyar cocin akwai mutum-mutumin sojan laima John Steele, wanda laimarsa ta maƙale a wurin. A mafi yawan shekaru ana dirar laima a La Fière kusa da garin, idan iska ta bari.

Daga nan akwai wurin da ba na fashin zuwa, kuma ina so duk Bahaushen da ya zo ya je: Saint-Martin-de-Varreville, a arewacin gaɓar Utah. A nan rundunar Faransa ta Janar Leclerc ta sauka ranar 1 ga Agusta, 1944. Tushen rundunar daga Chadi yake, daga can ayarin ya ratsa hamada ya ci Kufra ta Libiya a 1941, kuma har ta iso Normandi akwai rejimanti mai sunan Chadi a cikinta. Sai dai baƙaƙen sojojin da suka yi wahalar hamadar an cire su a 1943 kafin a taho Turai. Sojojin Afirka ta Yamma na Faransa ta Provence suka shiga a kudu, a watan Agustan 1944. Namu na Najeriya da Gana kuwa, runduna ta 81 da ta 82, dajin Boma aka tura su, kuma kakana na cikinsu. Ba za ka ga sunayensu a gaɓar nan ba. Nakan ajiye motar a gefen yashi, mu tsaya ni da yaron, in gaya masa abin da na ji daga bakin tsohon, mu yi musu addu'a.

Abinci da salla: Normandi ƙasar naman alade ce da giyar tuffa. Riƙe kalmomin porc, jambon da lardons, kuma ka tambaya ko an dafa kifi ko ƙumba da vin ko cidre. Caen na da mahauta na halal, akwai masallaci a Hérouville-Saint-Clair. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, don haka tsara barcinka, direba marar barci haɗari ne. Gidajen abinci a ƙauye sukan rufe kicin wajen ƙarfe 2 na rana.

MATAKI NA 10: RANAR 6 GA WATA

A shekaru masu cikon lissafi hukuma kan killace yankin gaba ɗaya, sai mai sitikar izini ke shiga da mota, kamar yadda aka yi a 2024. A sauran shekaru ma ana rufe hanyoyi nan da can. Zaɓi wuri ɗaya, ka isa kafin 8 na safe, ka ajiye mota inda za ka iya fita da gaba, ka yini a ƙafa.

Cunkoso shi ne abokin gabar tsohuwar mota. Fanka ba ta jan iska sosai a tsaye, zafi ya taru a ƙarƙashin bonet, fetur ya zama tururi a cikin tiyo, sai inji ya fara shaƙewa ya mutu. Idan allura ta fara hawa, kunna hita har ƙarshe ka buɗe tagogi, tana janye zafi daga inji. Idan layi ya tsaya cak, kashe. Idan ta mutu, tura ta gefe, buɗe bonet, jiƙa tsumma ka naɗe tiyon mai da kwanon kafireta, ka ba ta minti 15. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto da zafi.

A irin wannan layi, a mashigar Sainte-Mère-Église, famfon maina ya yi shiru. Famfon SU na lantarki ne, idan ka murɗa makulli za ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas. Ran nan ban ji komai ba. Na ƙwanƙwasa shi da gindin sukundireba ya farfaɗo, bayan mita 200 ya sake ɗaukewa. Wasu dattawa biyu suka sauko daga jif ɗinsu suka tura ni bakin wata gona, ɗaya ya riƙe min fitila, na ɗaura na safaya cikin minti 20. Ba don yana but ba, da an ja motar, da kwanakin da suka rage sun tafi a jiran kaya daga Ingila.

MATAKI NA 11: LADABIN WURI

Ana kiɗa da rawa a dandalin garuruwa, amma asalin taron makoki ne. Ban da sojoji, fararen hula kusan 20,000 suka mutu a yaƙin Normandi, kuma jikokinsu ne ke ɗaga maka hannu a bakin hanya. Kada ka yi ham ko ka taka totur kusa da maƙabarta. Kada ka hau gaɓar yashi da mota sai cikin ayarin da aka ba izini, ga ruwan gishiri ma yana cin ƙarfe. Sanya alamar Nazi a bainar jama'a laifi ne a dokar Faransa. Bindigar ado, ko wadda aka kashe ta daina harbi, bar ta gida. Lambar yabon mahaifi ko kaka a ƙirjin dama ake maƙala ta, hagu na wanda ya samu da kansa ne. 'Yan mazan jiyan da suka rage sun kai shekara 100 ko suna dab da ita, a keken guragu ake turo su. Ka gaisa, ka nemi izinin mai kula da su kafin hoto, kada ka tsare su da tambaya. Duk shagon da ka shiga fara da "Bonjour".

MATAKI NA 12: IDAN TA TSAYA, DA KUMA DAWOWA

Sa riga mai ƙyalli kafin ka fito, fitar da kowa zuwa bayan shinge, ajiye alamar gargaɗi kamar mita 30 a baya. Bincika da tsari: akwai wuta a fulogi, mai na isa kafireta. Kusan duk tsayuwar da na gani ɗayan biyun nan ce. A babbar hanyar kuɗi ba a yarda ka kira wanda ka ga dama ba, sai ka yi amfani da wayar gaggawa mai ruwan lemo ko ka kira 112, su turo mai ja. A sauran hanyoyi kira inshorarka. Idan kaya ne babu, je sansanin masu tsofaffin motoci mafi kusa ka tambaya kafin ka yi oda.

Kowace safiya kafin shayi, minti biyar: baƙin mai, ruwa, man birki, iskar taya, leƙen ƙasa. Ranar dawowa kada ka sa ziyara mai nisa, ka kwana kusa da Ouistreham idan jirgin safe ne, ka kuma duba abin da Birtaniya ta yarda a shigo da shi kafin ka sayi cukun tsaraba. Da ka sauka Portsmouth ɓare ledar fitila, ka mayar da jan ƙyallen ya zama na tuna hagu, don kuskuren hannu yakan faru a dawowa ma. A gida wanke ƙarƙashinta da ruwa mai yawa saboda gishiri da yashi, ka sake giris, ka rubuta a littafin motar duk abin da ka ciro daga akwatin safaya don ka mayar da madadinsa kafin Oktoba, lokacin kama ɗakin baɗi.